Tsakanin "Na Fi" da "Na Yi": Rakiyar Ummi Zuwa Ankara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya hore wa bayinsa tafiya a cikinta domin su duba su wa'aztu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun ranar da na dawo daga ƙasar Gana ban sami sukuni ba. In na fito daga masallaci da la'asar a nan Makera, sai mutanen majalisarmu su tare ni da "Malam, yaya Ankara?" In na zauna ba da karatu, ɗalibi ya buɗe littafi a babin taimama, amma tambayarsa a kan teku take. Alhaji Garba mai tireda kuwa cewa ya yi ko na ga Turkawa, sai da na fahimtar da shi cewa Ankaran da na je ita ce babban birnin Gana, wadda 'yan boko ke kira Akra. Na maimaita labarin nan har ya fara ƙiba a bakina, na ji tsoron kada ƙari ya shige shi. Saboda haka na ɗauki alƙalami, domin in faɗe shi sau ɗaya kamar yadda ya auku.

Dalilin tafiyar ba nawa ba ne, na 'yata ta fari ne. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Ummi. Tana aiki a wani kamfanin haɗa abincin kaji da ke Kakuri, a ɗakin da ake gwada masara da waken soya kafin a niƙa. Shekara huɗu ke nan da shugaban ɗakin ya ajiye aiki, tun daga lokacin ita ke riƙon ƙwarya: aikin shugaba a kanta, sunan shugaba ba a kanta ba. Ana nan sai manyan kamfanin, waɗanda ke zaune a Ankara, suka aiko cewa za su tabbatar da mutum ɗaya, suka kira biyu domin ganawa: ita da wani abokin aikinta wanda a hannunta ya koyi aikin. In ba a ba ta ba, za ta koma ƙarƙashin wanda ta karantar.

Mijinta malamin asibiti ne, bai sami hutu ba, sai rakiyar ta faɗo kaina. Ta so mu hau jirgi, na ce sam, ta ƙasa za mu bi, domin in taka hanyar da kakana ya riƙa bi zuwa Gwanja fataucin goro. Sai da muka yi nisa aka sanar da ni cewa fataken goro ta cikin daji suke ratsawa, ba su taɓa bi ta bakin teku ba. Na haƙura, domin mota ta riga ta tashi.

Ta ukunmu ita ce Madam Rifkatu, ƙawar Ummi tun suna sakandare. Mutuniyar Kagoro ce, Kirista, tana zaune a Nasarawa, tana sarin atamfa daga Lome. Ta san hanyar nan kamar tafin hannunta. Tun tana yarinya take shiga gidana, saboda haka ba ta shayin faɗa mini magana, sai dai takan lulluɓe ta da "Baba Malam".

Mun tashi bayan sallar asuba. Ba mu wuce Kakau da nisa ba Rifkatu ta gyara zama, ta ce za ta zama manyan Ankara, Ummi ta amsa mata tambayoyi.

"To, Madam, shekarun baya kajin masu sayen abincinku sun yi ta mutuwa, har kamfani ya kusa rufewa. Me ya faru?"

Ummi ta sunkuyar da kai ta ce, "An gano cewa masarar da ake sayowa ba ta gama bushewa ba, tana yin fumfuna a cikin buhu."

"An gano! Wa ya gano? Aljani?"

"To, an dai yi bincike, aka kuma je wurin manoma aka nuna musu yadda za su shanya ta."

Rifkatu ta tafa hannu ta juyo gare ni. "Baba Malam, ka ji ko? Wannan 'an' ɗin ya kamata a ba muƙamin, don shi ke yin duk aikin Kakuri. Ita ce fa ta yi sati uku tana gwaji, ita ce ta je ƙauye takalminta ya tsinke a gona!"

Ni kuwa a lokacin daɗi nake ji, ina shafa gemu, ina ganin tarbiyyata ta kama. Na ce, "Rifkatu, ƙyale ta. Yabon kai jahilci ne."

Ta ce, "A zaurenka ke nan, Baba Malam. A wurin intabiyu in ba ka faɗi abin da ka yi ba, kujera ce za ta faɗa maka? Wancan da za su kara da shi, ko ruwan sama aka yi a Kakuri, cewa zai yi shi ya kawo shawarar."

Mutanen motar suka yi dariya, ni ma na murmusa, amma ban sauka daga ra'ayina ba.

A Lokoja muka yi sallah a haɗe, muka ci soyayyen kifi mai yajin da ya sa na yi hawayen da ban yi niyya ba. A Badun aka kawo mini wani baƙin tuwo da ake kira amala, da koriyar miya mai yauƙi. Na daɗe ina dubanta ina tunanin hukuncinta, da na ɗanɗana sai na ga ashe lalo ne ya zo ƙasar Yarbawa ya sake suna. A Ikko muka kwana a Agege, gidan wani tsohon ɗalibina. Garin nan ban ga mai tafiya a cikinsa ba, kowa gudu yake, har na tambayi mai masaukina ko wani abu ne ya faru. Ya ce, "Malam, ai yau garin a kwance yake."

Kashegari da hantsi muka isa iyakar farko, ta shiga ƙasar Binin. A nan abin da ya fara girgiza ni ya auku. Ma'aikacin da ke buga hatimi Faransanci yake yi, Rifkatu ke fassara mana da ɗan abin da ta tsinta a kasuwa. Ya tambayi sunana, na faɗa. Ya tambayi sana'ata. Ku da kuka san al'adarmu kun san ba ya kyautuwa mutum ya buɗe baki ya ce shi malami ne. Na ce, "Gaya masa ni ɗalibi ne."

Rifkatu ta ce, "Baba Malam, ka tabbata?"

Na ce, "Har kabari."

Ta gaya masa. Mutumin ya ajiye biro, ya dubi furfurata, ya dubi takardata, ya sake duban furfurata. Sa'an nan ya miƙo hannu ya ce a ba shi katin makaranta. Na ce ba ni da shi. Ya ce aji nawa nake? Wace makaranta? Ina takardar da shugaban makarantar ya ba ni izinin fita ƙasa alhali ba a yi hutu ba? Ya kira wani abokin aikinsa, shi ma ya zo ya kalli ɗalibin da ya haura saba'in. Direbanmu yana ta danna oda, fasinjoji suna leƙe, ni kuwa gumi ya jiƙa mini rawani.

Sai na ga Ummi ta matso gaban tebur. Yarinyar nan da ba ta iya haɗa ido da kowa, ta miƙe sak, ta yi magana da Turanci, wanda mutumin yana ɗan ji. Daga baya Rifkatu ta fassara mini. Cewa ta yi wannan dattijo mahaifinta ne, ya fi shekara arba'in yana karantar da fiƙihu da nahawu, limamai da alƙalai sun durƙusa a gabansa, kuma a ƙasarmu babban malami ne kaɗai ke kiran kansa ɗalibi. Ba ta yi in'ina ba, muryarta ba ta yi rawa ba. Ma'aikacin ya miƙe tsaye ya sara mini, ya buga hatimi, har ya roƙi addu'a.

Da muka koma mota Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki. "Uba ɗalibi, 'ya 'an gano'. Wallahi abin gado ne! Ke kuma, Ummi, ashe kina da baki? In na wani ne kin iya zuba shi kamar maroƙiya, in naki ne sai ki koma kurma."

Ni kuwa na lura da abu guda: tawali'un da ke ɗaukaka ni a Makera, inda kowa ya san ni, shi ne ya kusa mayar da ni gida a inda ba a san ni ba. Ummi kuwa wurin waɗanda ba su san ta ba za ta.

A Kwatano na ga mata a kan babura, su ke tuƙi, wata da goyo a baya da kwandon tumatir a gaba, tana ratsa motoci ba ta ko waiwaye. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, da na riƙe shi sai na ji kamar zan hau mumbari. Daga nan teku ya bi mu ta hannun hagu, yana ta tumbatsa ba gajiya. Da muka shiga Lome na duba agogona na ce azahar ta yi, na nemi ruwa na yi alwala, na tsaya ina mamakin mutanen gari da ba su damu da kiran sallah ba. Ashe agogonsu yana bayan namu da sa'a guda. Na zauna na jira rana ta karkata, ina neman gafarar zargin da na yi wa ladanan Lome.

A nan Rifkatu ta rabu da mu. Ta rungume ƙawarta, sa'an nan ta ja ni gefe, wannan karon ba dariya a fuskarta. Ta ce, "Baba Malam, kai ka ɗaure bakin nan, kai za ka kwance shi. Ni na yi shekara ashirin ina ja, igiyar ba ta san hannuna ba."

A iyakar Gana da aka tambayi sana'ata, na ce malami, na kuma faɗe ta da ƙarfi. Ba a riƙe ni ko minti biyu ba.

Masaukinmu a Ankara yana unguwar Nima, inda Hausa ke tashi ta ko'ina kamar kana Tudun Wada. Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajiya Memuna, wadda ɗalibina na Agege ya haɗa mu da ita. Ta fito ta tarye mu, ta dubi Ummi ta ce da ni, "Malam, wannan ɗanka ne? Kai, ya gaji! Ya zo ya zauna." Na waiwaya ina neman wane namiji ne ya biyo mu. Ashe Hausar can ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne, kowa "shi" ne. Mai nahawu ba ya iya haƙuri da irin wannan. Na ce, "Hajiya, ai 'ta gaji' ake cewa."

Ta ce, "Malam, nan ba mu da lokacin raba 'ya' da 'ta'. Wanda ya yi aiki ya yi."

Sana'arta sayar da wake da shinkafa, wanda suke dafawa da karan dafi har ya yi ja, su zuba masa taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Na ce wannan ba abinci ba ne, taron ƙasa ne. Amma na cinye, na kuma karɓi ƙari. Ina ci ina yaba ginin gidan, mai hawa biyu, na ce Allah ya jiƙan maigidan da ya bar mata shi. Ta ajiye ludayi ta ce, "Amin, Allah ya jiƙan shi, mutumin kirki ne. Amma gidan nan ni na gina shi, Malam, da tukunyan nan da kake gani. Alhamdu lillahi."

Na auna maganar nan da duk ma'aunin da na sani, ban sami girman kai a cikinta ba. Ta faɗi "ni" kamar yadda mutum ke faɗin sunan garinsu, ta kuma rufe da godiyar Allah.

Ana gobe ganawar, bayan la'asar, na kira Ummi tsakar gida. Ta zo da takardunta ta durƙusa. Na ce ta zauna sosai, yau karatu za mu yi.

Na ce, "Kin tuna babin aikin da ba a ambaci mai yinsa ba? Malaman nahawu sun ce ba a ɓoye mai aiki sai da dalili. Ko don ba a san shi ba, kamar a ce an sace akuya. Ko don kowa ya san shi, kamar a ce an halicci mutum. Ko don ana tsoronsa, ko don ana jiye masa tsoro. To, da kike cewa an gano, wanne ne dalilinki? Ba ki san wanda ya gano ba?"

"Na sani, Baba."

"Manyan Ankara sun san shi?"

"Ba su sani ba."

"To saura tsoro. Wa kike tsoro?"

Ta murza gefen mayafinta ta ce, "Ku, Baba. Ina aji uku na firamare na zo da gudu na ce ni na zo na ɗaya. Kuka ce in rufe bakina, 'ni' kalmar Iblis ce, shi ya fara faɗinta aka kore shi. Tun ranar ban sake ba."

Jama'a, ni na manta da ranar nan sarai. Ita kuwa ta yi shekara talatin tana ɗauke da ita. Hajiya Memuna tana gefe tana tsince wake, ta ce, "Malam, ka yi ɓarna." Na ce na yi.

Na ce, "Ummi, na ba ki rabin karatu na riƙe rabi, laifin nawa ne. Abin da la'ananne ya ce shi ne 'na fi shi'. Abin da ake nema ki ce gobe shi ne 'na yi shi'. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma na farko alfahari ne, na biyu shaida ce. Alfahari haramun ne. Ɓoye shaida kuma, in an neme ta, shi ma haramun ne. Akwai annabi daga annabawan Allah da ya nemi a ɗora shi a kan rumbunan ƙasa, ya faɗa da bakinsa cewa shi mai tsarewa ne, masani, domin ya san in ya yi shiru amanar za ta faɗa hannun da ba zai iya ba. In kika ce 'an gano', aka ba wanda bai san fumfuna ba, kajin talakawa suka sake mutuwa, kina da kamasho a ciki."

Ta yi dariya tana share ido. Na ce, "To, bismilla. Wa ya gano?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "Mu..."

Hajiya ta ce, "Ku da wa? Ka faɗa mana, ɗana, ba mai dukanka!"

Sai a karo na huɗu ta fito, ƙasa-ƙasa kamar mai amsa laifi: "Ni na gano." Na sa ta maimaita kamar yadda ake tilawa, har muryar ta zauna.

Da safe na raka ta. Ofishin dogon bene ne na gilashi. Na ƙi hawa, na zauna a ƙarƙashin wata bishiya a harabar, da carbina. Abokin takararta ya wuce cikin kwat, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, na sa masa albarka, amma na taƙaita. Ta fi sa'a guda a ciki. Da ta fito na kasa karanta fuskarta.

Ta ce sun yi tambayar masarar, ta ce ita ta gano, ita ta je wurin manoma, ta kuma ambaci sunan duk wanda ya taimaka da abin da ya yi. Shugabar masu ganawar ta ce ba haka labari ya iso musu ba. Sai ta buɗe musu littafin gwaji, shafi bayan shafi, da rubutun hannunta. Na ce madalla.

Ta ce, "Da saura, Baba. Sun yi shawara, suka ce sun gamsu, amma in ci gaba da riƙon ƙwarya shekara guda, su ƙara dubawa."

Na ce, "To, alhamdu lillahi, kin yi godiya ko?"

"Na yi godiya. Sa'an nan na ce shekara huɗu ina riƙe da ƙwaryar nan, ba ta zube ba. Ko dai a ba ni ita, ko a karɓa a ba wanda aka ga ya cancanta, amma ba zan ƙara riƙo ba."

Carbi ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Ummi! Ban karantar da ke wannan babin ba!"

Ta ce, "Ku kuka buɗe littafin, Baba."

Sun ce za su aiko da amsa. Dawowarmu ba ni da labarinta mai yawa, domin hankalina ba ya kan hanya. Ina ta tunanin ko na zuba gishirin ya zarce, na je gyaran gira na tsone ido. A Lome muka ɗauki Rifkatu da dilolinta. Da ta ji abin da aka yi ta rangaɗa guɗa a tsakiyar tasha, ta ce ko ba a ba ta ba, ita dai ta ci riba. Na ce, "Ke kin ci riba, ni ne zan amsa tambayar mahaifiyarta."

Kwana tara muna jira. Ran na goma, ina zaure da hantsi, sai ga Ummi ta yi sallama, ba ta ko kira waya ba. Ta durƙusa ta miƙo mini takarda, alhali ta san ba na karanta Turanci. Na ce ta karanta ta fassara. An tabbatar da ita shugabar ɗakin gwaji, ba riƙo, ba sharaɗi. A ƙasan takardar shugabar nan ta ƙara layi ɗaya da hannunta, cewa daga yau duk rahoton da ya fito daga Kakuri a rubuta sunan wanda ya yi aikin. Na ɗaga hannu na yi addu'a, ita tana amsawa.

Wannan shi ne labarin Ankara, ya 'yan'uwana na majalisa. Wanda yake da 'ya, ya koya mata kunya, domin kunya ado ce, amma ya zauna ya ba ta karatun har ƙarshensa, kada ya tsawata sau ɗaya ya tashi kamar yadda wani ya yi. Abin da ke cikin takardar nan na daidai, daga Allah yake, gare shi godiya ta tabbata. Abin da ke cikinta na kuskure kuwa, ba zan ce an yi ba. Ni na yi, Allah ya yafe mini.